Yadda ake mulkin Japan, daga majalisar Tokyo har zuwa asusun ƙauye

Daga 2006 zuwa 2012 Japan ta yi firaminista shida: Abe, Fukuda, Aso, Hatoyama, Kan da Noda. Babu wanda ya kai shekara ɗaya da rabi a cikinsu kafin ya sauka. Duk da haka makarantun ƙauyuka ba su rufe ba, ruwan famfo bai ɗauke ba, ofishin ƙaramar hukuma yana buɗe. Wanda ya saba ganin yadda canjin gwamna ɗaya ke tsayar da aikin hanya ko na asibiti a Kano ko Jigawa dole ya tambayi dalili. Dalilin yana cikin yadda aka raba iko, kuma galibin ƙa'idojin rabon an rubuta su ne da lissafi: kwana nawa, kashi nawa, sa hannun mutum nawa.

Kundin tsarin mulkin da suke aiki da shi an sanar da shi ranar 3 ga Nuwamba 1946, lokacin da sojojin Amurka ke riƙe da ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya fara aiki 3 ga Mayu 1947. Har yau ba a sauya ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Gyara shi sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun yarda, sannan a kai wa jama'a ƙuri'ar raba gardama. Sashe na 9, wanda ya ce ƙasar ta bar yaƙi a matsayin hanyar warware rikici, shi aka fi kai ruwa rana a kansa, tunda suna da rundunar kare kai tun 1954.

Batun Sarki ba shi da tsawo. Kundin ya ce shi alamar ƙasa ne da haɗin kan al'umma, ba shi da iko a harkar gwamnati. Shi ke naɗa firaminista, amma wanda majalisa ta zaɓa kaɗai. Shi ke sanar da rusa majalisa, amma da shawarar majalisar ministoci. Ba shi da hakimai ko dagatai a ƙarƙashinsa kamar yadda muka sani a masarautun Haɗeja ko Kazaure, ba ya sasanta rikicin gona, kuma babu gwamnan da zai tuɓe shi. Sarki na yanzu, Naruhito, ya hau ranar 1 ga Mayu 2019 bayan mahaifinsa Akihito ya yi murabus. Dokar gidan sarauta ta ce maza ne kaɗai ta ɓangaren uba ke gado, ga shi kuma maza sun yi ƙaranci a gidan, abin da ke damun su ke nan yanzu.

Iko na gaske yana hannun majalisa, kuma tsarin ya fi kama da wanda Nijeriya ta yi a zamanin Tafawa Ɓalewa kafin 1966. Talaka ba ya zaɓen firaminista. Ɗan majalisa yake zaɓa, su kuma 'yan majalisa su fitar da firaminista daga cikinsu, shi kuma ya naɗa ministoci. Doka ta ce mafi yawan ministocin su zama 'yan majalisa, kuma dukkansu farar hula.

Majalisa biyu ce. Ta wakilai tana da kujeru 465, wa'adinta shekara 4. Ta dattawa tana da 248, wa'adinta shekara 6, ana sabunta rabinta duk shekara 3, kuma ita ba a rusa ta. A zaɓen majalisar wakilai ana ba mai zaɓe takarda biyu. A ta farko ya rubuta sunan ɗan takarar mazaɓarsa da hannunsa, ba dangwale ake yi ba. Kujeru 289 ta nan ake cika su, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka. A ta biyu ya rubuta sunan jam'iyya, sai a raba sauran kujeru 176 gwargwadon abin da kowace jam'iyya ta samu a shiyyoyi 11. Jam'iyya na iya sa mutum ɗaya a wuri biyun. Idan ya faɗi a mazaɓa da ɗan tazara kaɗan, yana iya shiga ta jerin jam'iyya, shi ya sa za ka ga mazaɓa ɗaya da 'yan majalisa biyu da suka kara da juna. Mutane da yawa a can ba sa son wannan, don suna ganin wanda suka ƙi ya dawo ta wata ƙofa.

Ɗan takarar mazaɓa yana ajiye yen (kuɗin Japan) miliyan 3, idan bai samu kashi ɗaya cikin goma na ƙuri'u ba kuɗin ya tafi. Yaƙin neman zaɓe kwana 12 ne kacal ga majalisar wakilai, 17 ga ta dattawa, kuma haramun ne bin gida gida ana roƙon ƙuri'a. An yi haka don rage sayen ƙuri'a, amma akwai illa: sabon mutum ba ya samun lokacin da za a san shi, sai ɗan wane da jikan wane, masu ƙungiyar magoya baya da suka gada, su yi ta lashe kujeru. Abe kansa jikan tsohon firaminista Kishi ne. Shekarun yin zaɓe 18 ne tun 2016.

Idan majalisun biyu suka saɓa, ta wakilai ce ke da ta cewa, amma da iyaka, kuma a nan gizo ke saƙa. A zaɓen firaminista, idan ta dattawa ba ta yanke ba cikin kwana 10, ko kwamitin sulhu ya kasa, zaɓin ta wakilai ya tabbata. A kasafin kuɗi da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, kwana 30. Amma dokar yau da kullum idan ta dattawa ta ƙi ta, ko ta danne ta har kwana 60, sai ta wakilai ta sake amincewa da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarta. Gwamnatin da ba ta da wannan rinjaye, kuma ta rasa majalisar dattawa, tana da kasafi a hannu amma ba ta da dokokin da za ta aiwatar da shi. Gwamnati ta rasa majalisar dattawa a zaɓen 2007 da na 2010, a 2010 kuma ba ta da kashi biyu cikin ukun nan; wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa firaministocin nan shida ba su daɗe ba. A 2012 'yan adawa suka riƙe dokar da ke ba gwamnati izinin cin bashi don cike giɓin kasafi, har ta kai an jinkirta wa larduna kasonsu a watan Satumba. Dokar ba ta wuce ba sai a Nuwamba, lokacin da Noda ya yarda ya rusa majalisa.

Rusa majalisa makamin firaminista ne. Idan majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa, yana da kwana 10: ko dai shi da ministocinsa su sauka gaba ɗaya, ko ya rusa ta. Bayan rushewa zaɓe cikin kwana 40, sabuwar majalisa ta zauna cikin kwana 30 bayan zaɓe. A aikace ba ya jiran a tsige shi, lokacin da ya ga iska na kaɗawa wajensa yake kiran zaɓe. Sau ɗaya tak, a 1976, majalisar wakilai ta cika shekara huɗunta a ƙarƙashin wannan kundi.

Jam'iyyar Liberal Democratic (LDP), wadda aka kafa a 1955, ita ke mulki kusan ko da yaushe. An fitar da ita a 1993 na ƙasa da shekara guda, sai kuma 2009 zuwa 2012. Don haka zaɓen shugaban LDP, mai wa'adin shekara 3, wanda ɗan takara ke buƙatar sa hannun 'yan majalisa 20 kafin ya tsaya, shi ne yawanci zaɓen firaminista na haƙiƙa. Ta nan Takaichi Sanae ta zama mace ta farko a kujerar a Oktoban 2025. Daɗewar jam'iyya ɗaya ta kawo ɓangarori a cikinta masu tara kuɗi da raba muƙamai, kuma badaƙalar kuɗin liyafar tara gudummawa da ba a rubuta ba, wadda ta fito a ƙarshen 2023, ta sa aka rusa mafi yawansu.

Masu riƙe aiki idan 'yan siyasa suna ta sauyawa su ne ma'aikatan gwamnati. Ana ɗaukar su ta jarrabawa, mutum ya shafe rayuwarsa a ma'aikata ɗaya har ya kai babban sakatare, kuma yawancin dokokin da majalisa ke amincewa da su su ne suka rubuta. Kasafi yana da kalanda da ba ta motsi. Kowace ma'aikata ta miƙa buƙatarta ga ma'aikatar kuɗi zuwa ƙarshen Agusta. Daga Satumba ana tankaɗe da rairaya. Ƙarshen Disamba majalisar ministoci ta amince da daftari, a Janairu a kai majalisa, wadda zamanta na shekara kwana 150 ne, a gama kafin 1 ga Afrilu da shekarar kuɗi ke farawa. Saboda ƙa'idar kwana 30 ɗin nan, gwamnati na ƙoƙarin majalisar wakilai ta gama nata a farkon Maris. Idan an makara sai a yi kasafin wucin gadi na 'yan kwanaki. Ƙarfin ma'aikatan nan ma yana da aibi: manyansu na yin ritaya su koma kamfanonin da a da suke sa wa ido, sai sa idon ya yi laushi. A 2014 aka kafa ofishi ƙarƙashin firaminista mai kula da naɗin manyan ma'aikata. Ya rage musu taurin kai, amma masu suka na cewa ya ƙara musu tsoron faɗa wa shugaba gaskiya.

Yanzu ga ɓangaren da a ganina ya fi shafar mutumin Gwaram ko Sumaila. Japan ba tarayya ba ce, amma tana da larduna 47, a ƙarƙashinsu birane da garuruwa da ƙauyuka 1,718, ban da gundumomi 23 na cikin Tokyo. Gwamnan lardi da shugaban kowace ƙaramar hukuma jama'a ke zaɓensu kai tsaye na shekara 4, haka kansilolinsu. Gwamna ba shi da ikon cire shugaban ƙauye ya sa kantoman riƙo. Zaɓen ma kowace ƙaramar hukuma na da hukumarta ta mutum 4 da majalisarta ke zaɓa. Ƙaramar hukuma ce ke riƙe rajistar mazauna, ginin firamare da ƙaramar sakandare, ruwan sha, kwashe shara, kashe gobara, ƙananan hanyoyi da kula da tsofaffi. Tana da harajinta, mafi girma harajin mazauna da na filaye da gine-gine.

Harajin ƙauyen da tsofaffi suka fi yawa ba zai riƙe wannan ba. Abin da ke cike giɓin shi ne wani kaso da doka ta yanke daga harajin ƙasa: kashi 33.1 cikin ɗari na harajin kuɗin shiga da na kamfanoni, rabin harajin barasa, da kashi 19.5 na harajin sayayya. Yadda ake raba shi ne abin lura. Ga kowace ƙaramar hukuma ana lissafa abin da take buƙata don yin aiki daidai da ma'aunin ƙasa, fanni fanni: yawan ɗalibai da azuzuwa, tsawon hanya da faɗinta, yawan mutane, yawan waɗanda suka haura 65, yawan gidajen manoma. Kowane ma'auni a ninka shi da kuɗin da doka ta sa masa, sannan a ƙara wa wuraren da ƙanƙara ke rufewa ko waɗanda gidajensu ke warwatse. Sai a lissafa harajin da ya kamata ta tara, a ɗauki kashi 75 cikin ɗari nasa, a cire daga buƙata. Abin da ya rage shi ne kasonta.

A ce buƙatar wani ƙauye 100 ce, harajinsa 40. Za a ƙirga masa 30, a ba shi 70, ya tashi da 110. Idan ya jawo masana'anta harajinsa ya kai 60, za a ƙirga 45, a ba shi 55, ya tashi da 115. Kashi ɗaya cikin huɗun da ba a ƙirgawa shi ne ladan ƙoƙari, don kada kowa ya kwanta yana jiran Tokyo. Wurin da harajinsa ya wuce buƙatarsa, kamar lardin Tokyo, ba ya samun komai. Kashi 94 na kuɗin ta wannan lissafi yake tafiya, ana biya sau huɗu: Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba. Sauran 6 ana ajiye shi don ambaliya, girgizar ƙasa da makamantansu. Kuɗin ba shi da sharaɗin inda za a kashe shi, kuma gwamna ba shi da ikon rage kason wani ƙauye don shugabansa ɗan wata jam'iyya ne. Ana buga alƙaluman kowace shekara, ma'ajin ƙauye na iya zama ya lissafa nasa da kansa.

Mu nan da muke da ƙananan hukumomi 44 a Kano da 27 a Jigawa, an daɗe ana ja-in-ja kan asusun haɗin gwiwa, har Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Abin da tsarin Japan ke nunawa shi ne tura kuɗi rabin aiki ne. Lissafinsu yana tafiya ne saboda an san adadin ɗalibai da tsawon hanya na gaskiya. Suna ƙidayar jama'a duk shekara 5, kuma duk wanda ya ƙaura doka ta ba shi kwana 14 ya je ya sauya rajista. Sannan an ba mazauna abin da za su taka wa ciyaman birki da shi.

Kashi ɗaya cikin hamsin na masu zaɓe idan suka sa hannu, dole shugaban ƙaramar hukuma ya kai wa majalisa dokar da suka nema, ko masu binciken kuɗi su buɗe littafin aikin da ake zargi. Kashi ɗaya cikin uku idan suka sa hannu cikin wata guda, za a yi ƙuri'ar kiranye a kan shugaban, ko kansila, ko majalisar gaba ɗaya, rinjaye mai sauƙi ya isa. A manyan birane an sassauta adadin. Ba a yin kiranye a shekarar farko ta hawan mutum. A garin Akune na lardin Kagoshima, shugaban da ya ƙi kiran zaman majalisa yana ta zartar da abubuwa shi kaɗai, ta wannan hanya aka sauke shi a Disamban 2010. Wanda ya fi burge ni shi ne na mutum ɗaya: duk mazaunin da ya ga an kashe kuɗin hukuma ba bisa ƙa'ida ba yana iya neman bincike shi kaɗai, a ba shi amsa cikin kwana 60, idan bai gamsu ba ya tafi kotu cikin kwana 30 ya nemi a sa jami'in ya biya. Su ma kansiloli suna iya tsige shugaba, amma sai kashi biyu cikin uku sun halarta, uku cikin huɗu na mahalarta sun yarda, shi kuma yana da kwana 10 ya rusa su a koma wa jama'a.

Manoman rani na Kadawa da Auyo za su so jin yadda ake da ruwa. Bayan gyaran mallakar ƙasa na ƙarshen shekarun 1940, inda gwamnati ta saye gonakin masu ba da haya ta sayar wa masu nomawa, dokar 1949 ta ba manoma damar kafa hukumar ban ruwa tasu. Mutum 15 ko fiye su nema, kashi biyu cikin uku na manoman yankin su yarda, gwamna ya amince. Da zarar ta kafu, duk mai gona a yankin ya zama mamba ko ya so ko bai so ba, yana biyan kuɗi gwargwadon faɗin gonarsa, wanda ya ƙi biya ana iya karɓa kamar haraji. Gwamnati ta gina madatsa da babbar magudana, su kuma su riƙe rabon ruwa da yashe da gyara. Wannan tilascin shi ke hana na bakin ruwa ya sha ya bar na ƙarshen layi da ƙishi.

Ƙuri'ar manomi kuwa ta daɗe tana da nauyi fiye da ta ɗan birni, don mutane sun ƙaura birane ba a sake shata mazaɓu ba. A zaɓen majalisar dattawa na 2010 bambancin ya kai ninki biyar, Kotun Ƙoli ta ce yanayin ya saɓa wa kundi amma ba ta soke zaɓen ba. Kotun mai alƙalai 15 ce, suna ritaya a shekara 70, kuma ana sa sunayensu a gaban masu zaɓe su yi alamar giciye kan wanda suke so a cire. Ba a taɓa cire kowa ba, tunda takardar da aka bari ba alama amincewa ake ɗaukarta. Hukuncin kan bambancin nauyin ƙuri'a ya sa daga 2016 aka haɗa lardin Tottori da Shimane mazaɓa ɗaya, haka Tokushima da Kochi, mutanen karkara kuma har yau suna ƙorafi. Nauyin ƙuri'ar nan da ƙarfin ƙungiyar manoma ta JA ne suka tsare farashin shinkafa, ana biyan manoma su rage noma tun farkon shekarun 1970 har 2018. Da shinkafa ta yi ƙaranci farashi ya kusa ninkawa a 2025, gwamnati ta buɗe rumbunta, ministan noma kuma ya rasa kujerarsa a watan Mayu bayan ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba, kyauta ake kawo masa.

Lissafin rabon kuɗi bai hana ɓarna ba. Garin Yubari a Hokkaido, da ma'adinan kwal suka rufe, ya ci bashi ya gina wuraren yawon buɗe ido, ya riƙa ɓoye giɓi ta hanyar juya rance tsakanin asusu. A 2007 ya faɗa ƙarƙashin kulawar gwamnatin tsakiya da giɓin yen biliyan 35 da ɗoriya. Aka zaftare albashi, aka haɗe makarantu, aka ƙara haraji, garin da ya haura mutum dubu ɗari a 1960 yau bai kai dubu goma ba. A 2007 ɗin aka yi dokar da ta tilasta wa kowace ƙaramar hukuma buga ma'aunai huɗu na lafiyar asusunta, har da bashin kamfanoninta. Ita kanta gwamnatin tsakiya bashinta ya ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara sau biyu.

Babbar matsalar karkararsu yanzu mutane ne. Kusan kashi 29 cikin ɗari na 'yan ƙasar sun haura 65, a ƙauyuka abin ya fi haka nesa. Don rage kashe kuɗi aka haɗe ƙananan hukumomi daga 3,232 a 1999 zuwa 1,727 a 2010; asusu ya ɗan daidaita, amma ƙauyukan gefe suka rasa ofis da kansilansu, hidima ta yi musu nisa. A wurare da dama ana cin kujerar kansila ba hamayya, wani lokaci ma 'yan takara ba sa cika kujeru, saboda albashin kaɗan ne kuma matasa sun tafi. A 2017 ƙauyen Okawa na lardin Kochi, mai mutum kusan 400, ya fara nazarin soke majalisarsa ya koma taron dukkan masu zaɓe, abin da dokar ƙananan hukumomi ta yarda da shi. Daga baya suka fasa, suka yi dokar da ta fayyace irin ayyukan da kansila zai iya haɗawa da kujerarsa, aka samu 'yan takara a zaɓen 2019.